Godiya ga waɗanda suka tsaya mana lokacin da shafin rajistar manoma ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin ƙaramin rukuninmu na masu haɗa manhaja a nan Birnin Kebbi, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka ba mu lokacinsu da iliminsu sa'ad da shafin rajistar manoman shinkafa da muke kula da shi ya ƙi buɗewa, ana tsakiyar karɓar shanshera daga Argungu da Suru da Jega. Alhamdu lillahi, shafin ya dawo aiki, kuma bayanin ko manomi ɗaya bai salwanta ba.

Da React, wani kayan aikin gina shafukan intanet, aka gina shafin tun farko. Saboda sabis yakan ɗauke wa wakilanmu idan sun shiga fadama, an tsara shi yadda duk abin da wakili ya rubuta a fom zai zauna a localStorage, ma'ajiyar da burauza ke ware wa kowane shafi a cikin wayar mai amfani, har sai sabis ya dawo a tura. Da ƙungiyar manoman ta nemi shafin ya riƙa buɗewa da sauri a ƙananan wayoyi, sai aka mayar da shi kan Next.js, wani tsari da aka gina a kan React, inda sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ce ke haɗa shafin ta aiko shi a shirye. Wanda ya shiga fom ta hanyar danna mahaɗi daga shafin farko bai ga matsala ba, amma wakilan da suka buɗe shi kai tsaye daga adireshin da aka tura musu ta WhatsApp sun ci karo da kuskure mai lamba 500, a bayanan kurakuran da sabar ke rubutawa kuma layi ɗaya ke ta maimaita kansa, yana cewa sabar ba ta san localStorage ba: "ReferenceError: localStorage is not defined".

Godiya ta farko ga malaminmu da ke koyar da ilimin kwamfuta a Aliero, wanda ya ɗauki kiranmu bayan sallar isha'i, kuma bai ajiye waya ba sai da ya tabbatar mun fahimci tushen matsalar. Ya nuna mana cewa a irin wannan tsari lambobin manhaja ɗaya ne ke gudana sau biyu: da farko a kan sabar, cikin Node.js, manhajar da ke gudanar da lambobin a can, inda babu window, babu document, wato abubuwan da burauza kaɗai ke samarwa, sannan daga baya a cikin burauzar wakili. Ya ce rubuta "use client" a saman fayil, wato alamar cewa lambobin za su yi aiki a burauza, ba ya hana su fara gudana a kan sabar, ga shi kuwa mutane da yawa sun ɗauka yana hanawa. Ya kwatanta ma'ajiyar da rumbun da ke gidan manomi: magatakardan da ke ofis a birni ba zai iya leƙa shi ba, komai ƙwarewarsa, sai wanda ke cikin gidan.

Malam, akwai wata shawararka da ta fi gyaran kansa muhimmanci a wurina. Lokacin da aka kawo shawarar a ɗora tsohon shafin a wani sabon adireshi domin aiki ya ci gaba, kai ne ka ce a dakata, domin localStorage a ɗaure yake da adireshin da aka ajiye shi a ƙarƙashinsa, don haka sabon adireshin ba zai ga sunaye da adadin buhunan da ke kwance a wayoyin wakilai ba. Da an yi gaggawar nan, da wakilai sun ga fom wayam sun ɗauka komai ya goge. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa iliminka albarka.

Godiya ta biyu ga ƙanwarmu a wannan sana'a da ke Gusau. Gyaran da muka fara yi, wato duba typeof window don a tabbatar a burauza ake kafin a taɓa ma'ajiyar, ya tsayar da faɗuwar sabar, amma sai React ya fara ƙorafin cewa abin da sabar ta aiko bai yi daidai da abin da burauza ta zana a karon farko ba, domin sabar ta aiko fom babu komai, waya kuwa ta cike shi da sunan manomi. Ita ce ta zauna da mu ta kiran bidiyo, ta mayar da karanta ma'ajiyar cikin useEffect, wani sashe na React wanda a burauza kaɗai yake aiki bayan shafin ya gama bayyana. Ta kuma gano cewa taswirar gonaki da muke amfani da ita tana neman window tun lokacin da ake shigo da ita, sai ta loda ta da next/dynamic tare da kashe ssr, wato ta sa a loda ta a burauza kaɗai ba a kan sabar ba. Zaɓin harshe, Hausa ko Turanci, ta mayar da shi cikin kuki, wato ɗan ƙaramin bayanin da shafi ke ajiyewa a burauza, tunda kuki yana tafiya da kowace buƙata zuwa sabar, kuma abin bai kai kusa da iyakarsa ta kimanin kilobait 4 ba.

Ba ta tsaya a nan ba, kuma wannan ne ya ƙara mata daraja a idona. Ta tunatar da mu cewa ko a cikin burauza ma'ajiyar tana iya ƙin aiki: wurin yakan cika a wajen megabait 5, mai waya yana iya toshe ta a saitinsa, kuma tunda rubutu kawai take riƙewa, JSON.parse, wanda ke mayar da rubutun ya koma bayanai, zai ba da kuskure idan abin da aka ajiye ya lalace. Yanzu kowane karatu da kowace ajiya suna cikin try da catch, waɗanda ke tare kuskure kafin ya tsayar da shafin, wakili yana ganin saƙo da Hausa idan ajiya ta gagara, hotunan rasit kuma sun koma IndexedDB, wata ma'ajiyar burauza da ta fi girma. Malama, Allah Ya yi miki albarka.

Ina godiya ga wakilanmu, waɗanda suka koma littafi da biro a bakin sikeli, rana na dukansu, manoma na jiran a auna musu, kuma suka bi umarnin kada su goge komai daga burauzarsu. Ina godiya ga Alhaji shugaban ƙungiya, wanda ya yi mana uzuri ya kuma kwantar wa manoma hankali da bakinsa, da maƙwabcinmu mai shagon cajin waya da ya bar mana janaretansa har tsakar dare bai karɓi ko kwabo ba, da iyalanmu da suka yi haƙuri da rashin ganinmu.

Ga wakilan da har yanzu ke da rajistar da ba ta tafi ba, ku buɗe shafin a adireshinsa na da, da wayar da kuka yi aikin da ita da kuma burauzar da kuka saba, ku danna "Tura" idan kun sami sabis. Abin da kuka rubuta a littafi kuma ku kawo shi ofis ranar Litinin domin a shigar da shi. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya sa albarka a amfanin gonar bana.