Kafin ka sa ranka a kan bindigar harbin nesa

Tun da aka ji cewa na yi wasan harbin saiti a shekarun da na zauna aiki a Amurka, ba a rasa saurayin da zai tare ni bayan la'asar a Tudun Wada, ko ɗan jami'a daga Samaru da zai miƙo mini waya ya ce, "Kawu, tsakanin wannan da wannan wacce ta fi kai nesa?" Hotunan kusan iri ɗaya ne kullum: baƙar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wadda duk taɓa kunama ɗaya take fitar da harsashi ɗaya ta kuma shirya na gaba, an kafa ta a kan ƙafa biyu, ga madubin hange a bisanta. Ina jin daɗin tambayar, don wasa ne da nake ƙauna har gobe. Sai dai tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe ce suke fara yi, kuma ni ma da ita na fara, na sha wuya a kai.

Ƙannena, ku fara da wannan: a ina za ka harba ta, kuma da takardar wa? Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a ciki doka ta ambaci bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da milimita 9, da .300 da .303 na inci. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki biyu, da bindigar wasanni wadda bakinta bai faɗa cikin waɗancan lambobi ba, da bindigar iska. Lasisinsu daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake fitowa. Na uku ita ce bindigar toka, irin wadda 'yan bindigar Sarki ke girgiza gari da ita ranar hawan Sallah, ita kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Ku riƙe lambar nan 7.62 da kyau. Harsashin .308 Winchester, wanda yawancin bindigogin da kuke nuna mini ke ci, tagwaye ne da 7.62 na sojojin NATO, faɗinsu ɗaya. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba izini, ɗaurin aƙalla shekara 10 yake fuskanta, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Saboda haka duk wanda ya same ka a WhatsApp ya ce yana da ita "da takardunta cikakku", kashe wayarka. A halin da jiharmu ke ciki, ba wanda zai tsaya a shingen bincike ya saurari bayanin cewa kai ɗan wasa ne.

Abin da zan faɗa a kan babbar bindiga ke nan na wanda Allah ya kai ƙasar da doka ta yarda ne, ko karatu ko aiki, ya kuma cika sharuɗɗan can. Na san a cikinku akwai masu wannan tafiya a gaba.

Ni da na tashi saye, samfurin AR-10 na ɗauka mai cin .308, irin wadda Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Kyanta ne ya ja ni, mai shagon kuma ya ƙara mini gishiri. Na zuba kusan duk kuɗin a kanta, ɗan abin da ya rage na sayi madubi mai araha. Da na je fili na harba biyar a yadi 100, na taka na duba takardar, sai na tarar ramukan sun watse, tafin hannuna da ƙyar ya rufe su. Na ce harsashin ne, na canja. Na ce iska ce. Wani dattijo a ƙungiyar da yake ta kallona ya ce in ba shi gidan harsashin in juya baya. Ya ɗura ya miƙo mini. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi, na uku da na matsa kunama sai ƙas kawai na ji, ashe harsashin roba ya saka a tsakiya. A wannan ƙas ɗin na ga bakin bindigar ya yi ƙasa da kansa, kafaɗata ta tura gaba, idona kuma a rufe. Tun kafin harbi ya fita jikina yake tarar naushinsa, ban sani ba. Na koyi tsoron bindiga kafin in koyi harba ta, kuma cire wannan ɗabi'a ya ɗauke ni lokacin da ya fi na koyonta tsawo nesa ba kusa ba.

A nan ne mai ɗura kanta take wahalar da sabon hannu. Akwai ɗan rami a jikin bututunta da ke ɗebo hayaƙin albarushi ya tura ƙarfen ciki baya, ya cillo kwanso, sannan sifirin ya dawo da shi gaba da sabon harsashi. Ke nan motsi uku kafaɗarka ke ji a harbi ɗaya: fitar harsashi, bugun ƙarfen a baya, da dawowarsa. Sannan hamarta, wato ƙarfen da ke buga allurar da ke tayar da harsashi, tana ɗaukar lokaci kaɗan fiye da allurar bindiga mai sakata kafin ta daki harsashi, kuma duk rawar da hannunka ya yi a wannan ɗan tsakani sai ta fito a takarda. Bindiga mai sakata, wadda kai ne kake ja da hannu ka ɗura, ba abin da ke motsi a cikinta lokacin harbi sai allura. Shi ya sa a gasar F-Class, da ake kwanciya a harba har yadi 1,000, masu sakata ne suka cika layi. Mai ɗura kanta tana da amfaninta a gasar da agogo ke bin ka, kana tashi daga wannan matsayi zuwa wancan kana bugun faranti bayan faranti, kuma gasar PRS, wadda irin wannan ce, da aka fara a 2012, ta ware mata rukuninta. Idan ba irin wannan za ka shiga ba, saurin da kake biya wa kuɗi ba zai yi maka komai ba sai zafafa bututu. Ni na sha ƙarar da gidan harsashi cikin minti ɗaya don daɗi, bututu ya yi zafi har hayaƙinsa yana rawa a madubi, kuma irin wannan zafin ne ke cinye maƙogwaron bindiga.

Idan duk da haka ita ranka yake so, ka duba bututu kafin komai. Tsawon inci 20 zuwa 24 ya dace da nesa, kuma kada mariƙin gaba ya taɓa shi ko kaɗan, don in ka jingina bindigar nauyin kada ya lanƙwasa saitinka. Ka nemi kunama mai hawa biyu, wadda za ka ja ta tsaya sannan ta karye a tsabtace, da makunnin rage hayaƙi don kada ƙarfen ciki ya riƙa dukan baya fiye da kima. Nauyi abokinka ne a wannan wasa, kada ka guje shi. Ka kuma sani cewa kayan gyaran AR-10 ba su da ma'auni ɗaya a tsakanin kamfanoni, na wannan ba lallai ya shiga na wancan ba. Kada ka yarda da takardar harbi uku da mai shago zai nuna maka. Biyar za ka harba, ka maimaita sau da yawa. Bindigar da ke tara harbinta cikin santimita 3 a mita 100, a mita 1,000 santimita 30 ke nan tun kafin iska ta sa baki.

Harsashi kuwa shi ya kamata ka zaɓa kafin bindiga, don shi za ka yi ta saye har ƙarshen rayuwarta, kuma a 'yan shekaru kuɗinsa zai wuce nata. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, siriri ne dogo, iska ba ta ture shi kamar .308, naushinsa kuma da sauƙi, amma yana saurin cinye bututu. .308 ya fi samuwa, bututunsa ya fi daɗewa, sai dai bayan yadi 800 ƙarfinsa ya fara raguwa sosai.

Madubi ne ya fi ba ni haushi idan na tuna. Na yi watanni ina zargin bindiga, ashe ƙullin saitin madubin ne ba ya komawa inda ya tashi. In murɗa sama don nesa, in dawo da shi sifili, sai harbi ya sauka wani wuri dabam. Harbin nesa kuwa murɗa ƙullin nan ne aikinsa dukan yini. Wanda ya ɗora madubin banza a kan bindiga mai tsada, tamkar ya sa wa dokin hawan Daushe linzamin igiyar rama ne. Ka ware wa madubi kuɗin da ya kai na bindigar, ko ya kusa. Ka tabbata ma'aunin da aka zana a cikin gilashi da na ƙullin iri ɗaya ne. Ma'aunin mil ya fi mana sauƙi mu da muka yi makaranta da mita, don mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, mita ɗaya cif a mita 1,000.

Yanzu ku zo mu yi maganar iska, wadda ita ce wasan gaba ɗaya. Harsashin .308 da aka saita a yadi 100, kafin ya kai yadi 1,000, wato mita 914, ya faɗi kusan mita 10, kuma ya shafe fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi a sama. Wannan faɗuwa ba ta da wuya, lissafi ne, wayarka ma za ta yi maka. Amma iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa maka riga ba, za ta ture shi fiye da mita 2. Kuma iskar da ke kunnenka ba ita ce a tsakiyar fili ba, ba ita ce a bakin allo ba. Gwanaye kawalwalniya suke karantawa a madubi: idan tana tafasa tsaye ba iska, idan ta karkata ga inda ake turi, idan ta kwanta tana gudu to ka jira. Babu kamfanin da ke sayar da wannan ilimi a kwali, kuma ku a Zariya kuna da makarantarsa kyauta. Ka tsaya a filin ƙwallo da hantsi lokacin hunturu, ka kalli yadda ƙura ke tashi a wannan gefe alhali ganyen darbejiya a wancan gefe bai motsa ba. A zafin Maris da Afrilu ka dubi kwalta daga nesa ka ga inda kawalwalniyar ta karkata. Ka yi hasashe, ka duba, ka rubuta a ɗan littafi. Ban fara riƙe littafi ba sai da na ɓarnatar da harsashi mai yawa ina maimaita kuskure ɗaya.

Da zan koma farko, da .22 zan fara, ƙaramin harsashin nan da ba shi da naushi kuma ba shi da tsada. A mita 200 iska tana wasa da shi kamar yadda take yi da babba a can nesa, don haka darasin ɗaya ne a kan kuɗi kaɗan. Mai son mai ɗura kanta ma akwai Ruger 10/22, tun 1964 ake ƙera ta. Kada kuma ku raina bindigar iska. A gasar Olamfik da ita ake harbin mita 10, da ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, kuma tsakiyar allon ɗigo ne na rabin milimita. Numfashi, kafa ƙafa, matsa kunama a hankali, da barin ido a buɗe bayan harbi ya fita, duk a nan ake samunsu. Ita ce hanyar da ta fi kusa da ɗan Zariya, ta hannun hukumar wasan harbi ta ƙasa da lasisi na gaskiya a duk lokacin da hukuma ke bayarwa, don ku tuna bindigar iska ma tana cikin dokar da na ambata. Mai son ya koyi babbar bindiga a gida kuwa, ga Daffo nan a garinmu tun 1924 yana horar da kurata, ga Jaji a hanyar Kaduna. Amma wannan aikin ƙasa ne da ake shiga da rai, kada wani ya cike fom don sha'awar hoto.

Wani ya taɓa ce mini ai daji da faɗi, bayan Kufena ma ya isa fili. Ban taɓa ganin dajin Zariya da ba mutum a cikinsa ba. Akwai mai noma a kwari, akwai yaro da shanu, akwai mata masu itace. Ɗan ƙaramin .22 yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi idan ya kuskure, .308 kuwa ya kan wuce kilomita 3. Filin harbi na gaskiya yana da tudun ƙasa a bayan allo, da tuta, da jami'in da idan ya ce a tsaya kowa zai cire gidan harsashi ya buɗe bindigarsa ya ja baya.

Kunnuwanku kuma ku tausaya musu. Ƙarar babbar bindiga ta haura desibel 140, kuma harbi ɗaya ya isa ya yi lahanin da ba ya warkewa. Da yawa daga cikin masu ɗura kansu suna zuwa da wani ƙarfe a baki mai rage naushi, wanda ke watso ƙarar gefe, kanka da kan maƙwabcinka a layi. Na sha ɗaga marufin kunne don ya hana kumatuna zama daidai a kan ƙota, yau kunnena na hagu ƙugi yake dare da rana, sai an zauna ta damana nake jin hira sosai. Ku cusa na soso a ciki, ku ɗora na rufi a kai, ku sa tabarau saboda kwanson da take cillowa da zafinsa yake fita.