Yau sarkina ya fito fili

Asabar, da dare.

Da hantsi na jera 'ya'yan darar ces tsaf a kan allo, farare 16, baƙaƙe 16, ina jiran Yaya ya zo mu buga cikakken wasa kamar yadda muka saba. Da ya zauna sai ya sa hannu ya share su gefe guda, ya bar uku kacal: sarkina, sarkinsa, da sojana ɗaya. Gidaje 64 ga su nan fayau, kusan babu kowa a ciki.

Ya ce, "Ga soja na ba ka kyauta. Kai shi layin ƙarshe ya zama sarauniya, ka ci wasa."

Tun da na fara koyon wasan nan abin da ake nanata min shi ne a ɓoye sarki. A tura shi lungu bayan sojoji uku, a sa hasumiya, wato ɗan da ke tafiya a miƙe, a gefensa, kada a bari iska ta taɓa shi. Gaskiya ne kuwa, muddin sarauniyoyi da dawakai suna yawo a allo. Abin da ban taɓa ji ba sai yau shi ne, idan manyan 'ya'ya suka ƙare, sarki shi ne babban mayaƙin da ya rage maka, kuma wanda ya bar nasa a lungu ya yi asarar ƙarfi a banza.

Zan rubuta tsayuwar da ya nuna min dalla-dalla, don ina so in sake jera ta ni kaɗai. Layukan tsaye da haruffa ake kiransu, daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi, daga 1 zuwa 8. Sojana yana e6, sarkina yana bayansa a e5, sarkin Yaya yana e7, kuma taku nasa ne. Ya ja da baya kai tsaye zuwa e8. Na matsa d6, ya tsaya a gabana a d8. Na tura soja e7, ya kai wa sarkinsa hari, ya koma e8 ya toshe hanyar. Don kada ya cinye min sojan dole in kare shi, na je e6. Sai Yaya ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce, "To ƙanena, ina zan taka?" Na duba: d8 da f8 sojana na kallonsu, d7 da f7 sarkina na kallonsu, sojan kansa ba ya ciwuwa. Ba shi da ko taku ɗaya, kuma ba a kai wa sarkinsa hari a inda yake tsaye ba. A ƙa'ida wannan kunnen doki ne. Soja guda na rata, gida ɗaya ya rage masa ya zama sarauniya, amma an tashi ba wanda ya ci.

Sai ya sake jera su, ya canza abu ɗaya. Wannan karon sarkina ne a e6, sojan yana bayansa a e5, nasa sarkin a e8. Na je d6, ya je d8. Na tura soja e6, ya koma e8. Na tura e7, shiru, babu hari. Yanzu taku nasa ne, kuma gida ɗaya kawai ya rage masa, f7. Da ya fita sai sarkina ya shiga d7 ya riƙe e8, soja ya wuce ya zama sarauniya. 'Ya'ya ukun nan dai su ne, layin ma shi ne. Bambancin kawai, a na biyu sarki ne ya shige gaba ya share hanya, sojan ya biyo sawunsa.

Mun daɗe a nan, don sai da na nemi ya maimaita min har ya zauna a kaina. Sirrin yana cikin wani abu da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba: a darar ces ba a cewa "na yafe takuna". Idan layi ya zo kanka dole ka motsa wani abu, ko da kuwa duk motsin da kake da shi cuta ne. Sarakuna biyu ba sa iya maƙwabtaka, sai an bar gida ɗaya tsakaninsu. Idan suka tsaya gaba da gaba haka, wanda taku ya faɗo a kansa shi ne zai kauce, ɗayan ya ratsa ta gefe. Kamar raguna biyu ne a ƙofa ɗaya, wanda ya fara kau da kai ya ba da hanya. Yaya ya sa sarkina a e5, soja a e4, nasa a e7, ya ce in taku nawa ne kunnen doki za a yi, in nasa ne ya faɗi. Mun gwada ta kowane ɓangare, haka ɗin ne.

Na tambaye shi, "Yaya, me ya sa ba ka fara min da wannan ba tun farko?" Ya ce sai mutum ya san yadda doki ke tsalle da yadda giwa ke bin karkace kafin ya ga daɗin allo marar kowa. Amma ya ce José Raúl Capablanca, ɗan Kuba da ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, ra'ayinsa shi ne mai koyo ya fara da ƙarshen wasa kafin buɗewa. Na yarda da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari bayan abin da na gani yau. Intanet cike take da bidiyon dabarun buɗe wasa, wannan tarko, wancan tarko, yadda za ka kashe sarki a taku huɗu ta gidan f7. Suna da daɗin kallo. Sai dai mai koyo irina yana haddace taku goma, abokin wasa ya kauce a na uku, shi ke nan haddar ta watse, don ba a san dalilin kowane taku ba. Da 'ya'ya uku a allo babu wurin ɓuya. Kowane taku kana ganin abin da ya jawo, kuma amsar tabbatacciya ce, ba ra'ayin wani ba. Tun 2012 kwamfuta ta gama lissafa sakamakon duk wata tsayuwa da 'ya'yanta ba su wuce 7 ba, wa zai ci, ko kunnen doki ne.

Ya ƙara min da abubuwa biyu a gurguje. Na farko yadda ake gane ko sarki zai kamo sojan da ya tsere ba tare da an ƙirga da yatsa ba: a zana murabba'i a zuci daga inda sojan yake zuwa layin ƙarshe. Soja a b4, murabba'insa ya kama daga b4 zuwa b8, zuwa f8, zuwa f4. In sarkin abokin gaba zai iya shiga cikinsa a takunsa, ya kamo shi, in ba zai iya ba sai dai ya bi shi da ido. Na biyu, sojan bakin allo, na layin a ko na h, ba ya bin dokar sauran. In sarkin can ya riga ka shiga kusurwa, ba ka da gefen da za ka zagayo masa.

Wani abu ya ba ni sha'awa da ya faɗa a tsakiyar hira. A tsohon wasan da ya taso daga Indiya ya bi ta Farisa ya isa hannun Larabawa, abin da ke tsaye kusa da sarki gida ɗaya kawai yake takawa a karkace, kuma shi soja ke zama in ya kai ƙarshe. Sai a ƙarshen ƙarni na 15, a Sifaniya, sarauniya ta samu ƙarfin da take da shi yanzu. Daga nan sojan da ya kai ƙarshe ya zama babban makami da zai iya yanke wasa baki ɗaya.

Da la'asar na shiga Lichess, shafin buga darar ces a intanet, na buga wasa ɗaya, mai minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku. Na daina buga na minti ɗaya ko uku, don hannu ne ke wasa a can, ni kuwa kaina nake so ya koya. Wasan ya tafi a hankali. A tsakiya dokina ya kai wa sarkinsa da sojansa hari lokaci guda, na ci sojan. Aka yi ta musaya har ya rage ni da hasumiya da soja ɗaya, shi da hasumiya kaɗai. Sai ya kawo hasumiyarsa inda za mu iya cin juna. Na zauna na kusa minti uku ban taɓa komai ba, ina kallon allon kamar an riga an kwashe su. Bayan musayar sarkina zai tsaya gida biyu a gaban sojan, nasa kuma bai iso ba tukuna. Na ci, ya ci. Na tura sarki gaba na bar sojan a inda yake. Da sarkinsa ya zo ya tsaya a gabana, taku nawa ne, ya kamata in kauce, amma ina da ajiya: na matsa sojan gida ɗaya, layi ya koma kansa. Ya kauce hagu, na ratsa dama. Zuciyata na bugawa sosai lokacin da sojan ya taka layi na 7 ba tare da hari ba. Bai jira sarauniyar ta fito ba, ya miƙa wuya.

Na sha cin wasa a baya saboda wani ya manta sarauniyarsa a bakin doki. Wannan daban ne. Na ga ƙarshen tun kafin a kai, na zaɓe shi da kaina, kuma ya zo yadda na gani.

Bayan magariba na nuna wa Yaya wasan. Bai ce komai ba sai ya buɗe wayarsa ya nuna min wasa na 14, na ƙarshe, a gasar kambun duniya da aka yi a Singafo a watan Disamba na 2024, tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh na Indiya. Kowa na ganin kunnen doki za a tashi. A taku na 55 Ding ya kawo hasumiyarsa f2 don a yi musaya. Gukesh ya karɓa, sannan ya tilasta musayar giwaye, don giwar Ding tana maƙale a kusurwa ba ta da wurin gudu. Allo ya rage sarakuna biyu, sojojin Gukesh biyu, na Ding ɗaya. A taku na 58 Ding ya sa sarkinsa a e3, Gukesh ya sa nasa a e5, gida ɗaya tsakaninsu, taku kuma na Ding. Nan ya miƙa hannu. Da wannan tsayuwar yaro ɗan shekara 18 ya zama gwarzon duniya, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe cikakken kambun. Na jera tsayuwar a allona na bi ta da hannu, na ga inda sarkin Gukesh zai ratsa ya je ya ci sojan g3.

Gobe Yaya ya ce sarki da hasumiya za mu yi a kan sarki shi kaɗai. In an iya, ba ya wuce taku 16 ko daga ina aka fara, kuma ƙa'ida ta ba abokin wasa damar neman kunnen doki in aka yi taku 50 ba a ci komai ba, ba a kuma motsa soja ba. Ya ce zai riƙa ƙirga min da ƙarfi.