Sau biyu na sayi tikiti kafin in ga panda a farke

Autata ce ta jawo mini wannan tafiya. Tun ranar da ta ga hoton panda a littafin makarantarsu, aka kuma gaya mata a ƙasar Sin suke, ban sake dawowa daga fatauci ba tare da ta tare ni a ƙofa da tambaya ɗaya ba: "Baba, ka ga panda?" Shekara takwas ina zuwa Guangzhou sarin kayan waya, amma abin da na sani a ƙasar bai wuce unguwar Xiaobei da kasuwa da ofishin masu auna kaya ba. Bara a ƙarshen watan Mayu sai masana'antar da nake jira ta ɗage mini kaya da kwana shida. Na ce maimakon in zauna a ɗaki ina ƙirga asara, bari in je in biya yarinyar nan bashinta.

Abokin tafiyata ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Haba Alhaji, ai akwai su a gidan namun daji a nan Guangzhou, me zai kai ka wata uwa duniya?" Gaskiyarsa, akwai su. Ni dai garinsu nake son zuwa, wato lardin Sichuan, inda mafi yawan waɗanda suka rage a daji suke. Wani dillalin yawon buɗe ido ya yanka mini kuɗin da na ji kamar Umara zan tafi, don haka na ƙudurta zan shirya abina da kaina.

Abu na farko da ban sani ba shi ne cibiyar kiwon panda ba ɗaya ba ce. Akwai babbar da ke cikin birnin Chengdu, wadda aka kafa a 1987 da panda shida da aka ceto daga daji. Akwai wasu biyu a Dujiangyan, tafiyar kamar awa ɗaya daga birnin. Akwai ta Bifengxia kusa da Ya'an, sai kuma Shenshuping da ke Wolong can cikin duwatsu, wadda aka gina bayan girgizar ƙasar 2008 ta lalata tsohuwar cibiyar yankin. Masu son shiru da ƙarancin jama'a sun fi yabon na bayan gari. Ni da ba na jin ko kalma goma ta Sinanci, kuma kwanakina a ƙirge suke, sai na zaɓi ta cikin Chengdu, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa ma yana kai mutum kusa da ita.

Tikitin bai da tsada, yuan 55 ne ga babba. Wahalar tana wajen sayensa. Ana yanka shi ne tun kafin ranar ta intanet, da sunanka da lambar fasfonka, kuma fasfon ne shaidarka a ƙofa, saboda haka kada a bar shi a otal. Na buɗe shafinsu a WeChat na tarar da rubutu kamar tafiyar tururuwa. Katin bankina kuma ya ƙi haɗuwa da manhajar biyan kuɗi, duk da cewa Alipay da WeChat sun daɗe da fara karɓar katunan waje. Wakilina ɗan ƙasar, wanda ke yi mini tafinta a kasuwa, shi ya saya mini a wayarsa na ba shi tsaba. Ya tambaye ni na safe nake so ko na rana. Na duba lokacin saukar jirgina, na ce na rana. A nan na tafka kuskuren da ya ci mini yini guda.

Daga Guangzhou zuwa Chengdu awa biyu da 'yan kai ne a jirgin sama. Birnin yana da filin jirgi biyu, kuma ban lura ba sai da na sauka a Tianfu, sabon da aka buɗe a 2021, wanda ke da nisan kusan kilomita 50 daga tsakiyar gari. Tsohon, Shuangliu, ya fi kusa nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin otal da na fara zuwa suka juya fasfona gaba da baya, suka ce ba sa karɓar baƙi 'yan waje. Kafin in sami wani masauki in ajiye jaka in kama layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar da ake kira Titin Panda, in kuma shiga bas ɗin da ke ƙarasa da mutane ƙofa, ƙarfe ɗaya ta gota.

Rana ta take, jama'a kamar ranar hawan daushe. Na yi ta tafiya daga shinge zuwa shinge ina leƙe, ba kowa sai gungumen katako da tarin ɓawon gora. Ashe panda ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Dabbar tsauni ce mai kaurin gashi, da zarar gari ya ɗumama sai a shigar da su ɗakuna masu na'urar sanyaya iska. Zafin da mu Kanawa za mu kira lumshi, su a wajensu azaba ne. Abin da na samu ranar shi ne bayan wani ƙato ta cikin gilashi, ya juya wa duniya ƙeya yana sharar barci, ni kuma ina miƙa wuya ta saman kawunan mutum hamsin. Na ɗauki hoto, na duba, na goge. Idan na kai wa yarinyar wannan, cewa za ta yi buhun auduga na ɗauko.

Ga wurin da girma. Tun faɗaɗa shi da aka yi a 2022 ya haura hekta 200, hawa da gangara, kuma ƙofarsa ta kudu da ta yamma suna da tazara sosai. Ni kuwa na je da takalmin fata na zuwa kasuwa. Da magariba ƙafata ta yi bororo biyu.

A daren na kira wakilina na ce ya sake saya mini, na safe. Ya ce, "Ai na tambaye ka." Na ce ya tambaye ni, amma bai gaya mini dalili ba.

Washegari ina idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na kira mota ta manhajar Didi, na isa ƙofar kudu bakwai saura, na tarar har an fara layi. A wannan lokaci na shekara bakwai da rabi ake buɗewa. Ana buɗewa sai na ga abin mamaki: matasa da tsofaffi sun zuba a guje, duk sun nufi hanya ɗaya. Daga baya na gane wajen wata panda mai suna Hua Hua suke rububin zuwa, wadda aka haifa a 2020, ta yi suna a kafafen sada zumuntarsu fiye da 'yan wasa da yawa. Layinta kan ci awanni, kallon kuma na 'yan mintuna ne kafin a ce a matsa. Na tsaya na yi tunani. Autata ba ta san wata Hua Hua ba, panda kawai ta ce. Sai na bi hanyar da ba kowa, kuma a duk tafiyar nan ban yanke shawarar da ta fi wannan ba.

A shinge na biyu na same shi, mu huɗu kacal a wurin. Yana zaune daɓas kamar dattijo a kan tabarma, ya jingina da gungume, ya baje ƙafafu, an tara masa gora a gefe. Ya zaro ɗaya ya shinshina ya yar, ya zaro wata ya shinshina, ita ta yi masa. Ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya sa haƙori ya ɓare bayanta, ya gatsa. Ƙarar tana zuwa har inda nake, ƙarass ƙarass, ɓawo yana zuba a kan farin cikinsa bai ko damu ya kaɗe ba. Riƙon ne ya fi ɗaure mini kai, domin dabba mai dagi bai kamata ta iya riƙe sanda haka ba. Ashe wani ƙashi ne a wuyan hannunsa ya yi tsawo ya zame masa kamar babban yatsa, da shi yake danne gorar.

Na fi minti arba'in a tsaye a wurin, ni da ko a ɗaurin aure ba na iya zaman minti ashirin. A nan na fahimci dalilin barcin jiya. Cikin panda irin na masu cin nama ne, hanjinsa gajere, amma kusan duk abincinsa gora ce, wadda amfaninta a jiki kaɗan ne. Dole ya ci da yawa, daga kilo 12 har zuwa 38 a yini gwargwadon ɓangaren gorar da ya samu, ya kwashe awa goma ko fiye yana tauna, sauran lokacin kuma ya kwanta don kada ɗan ƙarfin da ya tara ya tafi a banza. Da na san haka tun a Guangzhou, da ban kira shi malalaci a zuciyata ba, da kuma ban yi asarar yuan 55 ba.

Daga nan na wuce wajen ƙanana. Galibi tsakanin Yuli da Satumba ake haihuwarsu, don haka waɗanda na gani sun kai wata tara zuwa goma, daidai shekarun ƙiriniya. Ɗaya ya hau bishiya ya kasa saukowa, ya rataye a reshe kamar wanki. Wani ya rungume ƙafar ma'aikaciyar da ke shara, ta janye shi ta ajiye, ya mirgino ya sake kamawa. Wanda ke son ganin jarirai sabbin haihuwa sai ya zo ƙarshen damina, ya leƙa ɗakunan reno biyu da ake kira na Rana da na Wata. Ni hotuna na gani a bango: ɗan tsurut, jajir, ba gashi, ido a rufe, nauyinsa kamar giram 100, alhali uwarsa tana kai kilo 100. Macen sau ɗaya take neman namiji a shekara, kwana ɗaya zuwa uku kacal. Sau da yawa tagwaye take haifa, amma a daji ɗaya take iya renowa. A cibiyar sai su riƙa musanya mata, ɗaya yana wajenta ɗaya yana kwalabar reno, har su rayu duka biyun. Duk wanda ya taɓa kiwo ya ga akuya ta ƙi ɗanta zai gane irin haƙurin da wannan aiki yake ci.

Ƙidayar da aka fitar a 2015 ta nuna panda 1,864 ne a daji, a lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu. A 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sauke su daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa mataki na ƙasa da shi, a 2021 kuma gwamnatin Sin ta haɗe dazuzzukansu ta mayar da su gandun ƙasa guda. Ina karanta wannan a allo sai raƙuman dawan Kure na Nijar suka faɗo mini a rai, waɗanda su ma sun kusa ƙarewa kafin a tashi tsaye a kansu. Na sha wucewa ta wannan hanya zuwa Yamai, ban taɓa tsayawa ba.

Wajen ƙarfe goma jama'a suka cika, panda kuma suka fara hamma ɗaya bayan ɗaya. Na biya ta wajen jan panda, wata 'yar dabba mai jelar zobe-zobe da ta fi kama da muzuru, wadda sunan panda da cin gora suka haɗa ta da babban. A nan ne kallo ya koma sama. Wata tsohuwa ta nuna ni ta nuna wayarta, na gane hoto take so. Na yarda. Kafin in ankara an yi ɗan layi, har da mai miƙo mini jikansa. Ba da mugun nufi ba ne, dariya muke ta yi, amma bayan na biyar na ɗaga hannu na yi gaba.

Masu tambayata ko na taɓa shi, ko na ɗauke shi a cinya kamar yadda suke gani a tsofaffin hotuna: an daina wannan. Ba a ba su abinci, ba a kunna fitilar kyamara, ba a buga gilashi, kuma akwai waɗanda aka haramta wa shiga wurin har abada saboda sun jefa musu abu. Wanda zai je kuma ya kauce wa makon farko na Oktoba da hutun farkon Mayu da na sabuwar shekararsu, domin cunkoson da na gani ranar aiki ce ma.

Abinci na bari sai da na fito. Girkin Sichuan ba ya rabuwa da naman alade da mansa, ga wani yaji da ke kashe harshe kamar an yi masa allura. Biskit da dabino na shiga da su a aljihu. Da azahar na koma tsakiyar gari, masallacin Huangcheng da ke dab da dandalin Tianfu, na yi salla, na sami shagon Musulmi a kusa na ci taliyar naman sa mai romo, irin wadda muka saba ci a Xiaobei.

Na so in kira gida tun ina gaban dattijon nan mai cin gora, amma Sin ta riga mu da awa bakwai, ƙarfe takwas na safensu ɗayan dare ne a Kano. Bidiyo na ɗauka na minti uku, hannuna yana rawa. Sai da na dawo gida na zaunar da ita na kunna mata. Ta kalla sau biyu ba ta ce uffan ba, a na uku ta ɗago kai.

"Baba, wannan ai rake yake sha."

Na ce gora ce. Ta ce to me ya sa yake ɓarewa irin na Kawu?