Ga Ƙannena 'Yan Lise da Ke Jiran Ƙwallo Ta Fitar da Su Waje

Ƙannena da ke lise, wato sakandare, a Garwa, Marwa, Ngaundare, Gidar da Kusuri a arewacin Kamaru, musamman ku da kuke kwana da tashi da ƙwallo, da ku nake. Ban zo in raba ku da fili ba. Ni ma ɗan fili ne, har yau in na ji ƙarar usur sai jikina ya motsa. Abin da nake so ku gane shi ne, hanyar fita waje da kuke nema ta cikin makarantar nan take bi, wadda kuke Allah-Allah a tashe ku ku bar ta. Ni ban gane haka da wuri ba, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Mu da muka shiga lise a wajejen 2008 mun taso ne a lokacin da Garwa ke ji da kanta. A shekarar nan Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ce ta hana ta kofin. A 2010 kuma Vincent Aboubakar, wanda muke gani da idonmu a filin Rumde Ajiya, ya tafi Valenciennes ta Faransa. Daga nan kowane yaro a Hausare da Yelwa ya ɗauka shi ne na gaba. Ni na fi kowa yarda da hakan, don ina da gudu, ina da ƙafar hagu, kuma manyan unguwa suna zuga ni.

Wata rana bayan atisaye wani mutum ya ja ni gefe. Yana da jaka a hammata da waya biyu, yana kiran sunayen kulob-kulob na Turai kamar a gidansu ya kwana. Ya ce ƙwallona babu laifi, shekaruna ne suka yi yawa, babu cibiyar horarwa da za ta dube ni sai an rage. Ya ce kowa haka yake yi. Na je na yi wa Inna daɗin baki ta ɗauki kuɗin adashenta ta ba ni, Baba bai sani ba. Ba da jimawa ba mutumin ya kawo mini sabuwar takardar haihuwa, da hatimi da sa hannu, sunana ne a kai, sunan iyayena ne, shekarar ce kawai ba tawa ba. Da ita na yi lasisin wasa, da ita kuma daga baya na yi katin ɗan ƙasa. A makaranta kuwa takardata ta gaskiya ce a fayil, ita ce ke kan shaidar BEPC ɗina, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare.

Mutumin bai kai ni ko'ina ba, lambarsa ma daina shiga ta yi. Kuɗin Inna sun yi mini zafi, amma ba su ne babbar asarar ba. Asarar ta bayyana ne ranar da na tashi haɗa takardun shiga jarrabawar neman gurbi a makarantar horar da malamai ta Jami'ar Marwa. Mai karɓar takardu ya ajiye katin ɗan ƙasata kusa da shaidar jarrabawata, ya ɗora yatsa a kan ranar haihuwa ta nan, ya ɗora wani a kan ta can, ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini fayil ɗin ya ce, "Ɗana, je ka gyara tukuna." Gaskiyarsa ce. Gyaran nan kuwa sai da ya ci mini shekaru ina kai-komo tsakanin kotu da ofisoshi, abokan karatuna suna wucewa. Tunda aka koma ɗaukar hoton yatsu a katin ɗan ƙasa da fasfo, na'ura ba ta mantuwa, kuma mutane da yawa a ƙasar nan sun maƙale a matsalar da ake kira suna biyu, su kasa samun kati, su kasa buɗe asusun banki, su kasa neman aikin gwamnati.

In wani ya ce muku a ƙwallo dai dabarar tana ci, ku tuna masa da abin da ya faru dab da gasar Janairun 2023. Hukumar ƙwallon Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta sa aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 17 gwajin MRI na tantance shekaru kafin gasar yankin Afirka ta Tsakiya, aka sallami 21 daga cikin 30. Gwajin wuyan hannu yake dubawa, don ƙashin wurin yana gama haɗewa ne in yaro ya girma, kuma FIFA ta fara amfani da shi a gasar duniya ta matasa tun 2009 da aka yi a Najeriya. Sannan dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasan da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan, misali in iyayensa sun ƙaura can saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Shi kansa Aboubakar sai da ya cika 18 ya tafi, kuma daga kulob sananne ya tafi zuwa kulob sananne. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ka Turai kana ɗan 15, a ba shi kuɗin biza, ko dai ƙarya yake yi ko kuma zai kai ka ya yasar a tashar jirgin ƙasa ta garin da ba ka san kowa ba.

Hanyar da ta fi tsabta tana nan a gabanmu muka raina ta, wato wasannin FENASSCO, gasar wasannin makarantu ta ƙasa. Ana farawa daga makarantu, a hau matakin gunduma, a hau na yanki, waɗanda suka yi fice su wakilci Arewa, Arewa Mai Nisa ko Adamawa a wasan ƙarshe na ƙasa, inda yankuna 10 ke haɗuwa. A can masu horarwa na gaske suke zuwa neman yara, kuma malaminka na motsa jiki ne ke riƙe da takardunka, ba baƙon da ka gani jiya ba. Mu a lokacin gani muke wasan makaranta na yara ne, gasar unguwa ta lokacin hutu ita ce ta maza, don ana ba da 'yan kuɗi. Ban da haka, ba ƙwallon ƙafa ce kaɗai wasa ba. Akwai ƙwallon hannu, ƙwallon raga, kokawa, judo, gudu da tsalle. Françoise Mbango da tsalle mai taki uku ta ciyo wa Kamaru zinare a Olamfik na Athens a 2004, ta sake ciyowa a Beijin a 2008. Malaminmu ya sha gaya mini jikina na mai gudun dogon zango ne, na ƙi ji, don ba a yi wa mai gudu kirari a unguwa. Ku riƙa sauraron malaman nan. Su ne suke riƙe da agogo, sun san abin da ƙafarku ta iya.

Kuskurena na biyu ya fi wannan shiru, kuma ina ganin ya fi yawa a cikinku. Ranar Laraba ana tashi da wuri domin ƙungiyoyin ɗalibai: ta Ingilishi, ta Jamusanci, ta aikin jarida, ta wasan kwaikwayo, ta kimiyya, ta lafiya. Mu da an kaɗa ƙararrawa sai fili. A ajin katiriyem, shekara ta uku a lise, inda ake zaɓen harshen waje na biyu, Jamusanci na ɗauka, ba don komai ba sai don abokaina can suka tafi. Malamarmu mace ce mai himma. Da ƙoƙarinta ta ƙulla zumunci da wata makaranta a Jamus, ana musayar wasiƙu, kowane ɗalibi aka haɗa shi da tsaransa. Wanda aka haɗa ni da shi ya rubuto shafi biyu. Ya sa hoton kekensa da na kogin garinsu, ya tambaye ni ko da gaske akwai dorina a Binuwai kusa da gadarmu, ya tambayi yadda ake noman auduga, da abin da muke ci in an sha ruwa da azumi. Na amsa masa da layi kaɗan, rabinsu roƙon takalmin ƙwallo. Ya sake rubutowa, na sake maimaita zancen takalmi, na ƙara da waya. Bai ƙara rubutowa ba.

Na daɗe kafin in fahimci abin da na yi. Yaron nan aboki yake nema, ni kuma na mai da shi mai rabon sadaka. Ina da abin ba shi fal: hawan dawaki na Lamiɗo ranar Sallah, yadda kogi ke janyewa da rani a shuka a bakinsa, yadda a layinmu yaro ke tashi da Hausa da Fillanci da Faransanci, wani ma har da Larabcin Shuwa, alhali shi da ƙyar yake haɗa harshe biyu. Ban ga darajar ko ɗaya ba. Irin wannan roƙon ba mai yinsa kaɗai yake zubar wa mutunci ba, malaman can suna karanta wasiƙun, kuma da su suke yanke shawarar ci gaba da zumuncin ko barinsa.

Wata 'yar ajinmu ta ɗauki abin da gaske. Ba ta fi mu ƙwaƙwalwa ba, Laraba ce dai ba ta wuce ta. A ƙungiyarsu suna karanta gajerun labarai, suna shirya wasan kwaikwayo na bikin matasa na 11 ga Fabrairu, suna rubuta jaridar bango. Da aka nemi ɗalibin da zai je kwas na hutu a Jamus, ita malamar ta gabatar, ba wanda ya yi gardama. Takardarta ɗaya ce, fasfonta ya fito ba tangarɗa. Malamar da kanta ta je gida ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta yi masa bayanin inda za ta sauka da wanda zai kula da ita da yadda za ta yi sallarta, ya amince. Ƙannena mata, ku lura da wannan. In kuna tsoron a gida ba za a bari ba, ko tafiya ce ko wasan ƙwallon hannu, kada ku yi shiru kuma kada ku yi a ɓoye. Ku nemi malamar da ake ganin girmanta ta je ta yi magana da Baba. Iyayenmu sau da yawa rashin bayani ne ke sa su hana.

Irin waɗannan damammaki suna nan da gaske. Tun 2008 gwamnatin Jamus ta kafa shirin PASCH na ƙawance da makarantu a duniya, kuma cibiyar Goethe da ke Yawunde na aiki da malaman Jamusanci na ƙasar nan. A Garwa akwai Alliance, cibiyar harshe da al'adun Faransa, da ɗakin karatunta da zauren wasanni, wurin da na wuce ta ƙofarsa ba adadi ban leƙa ba. A Marwa ana horar da malaman Sinanci, har harshen ya shiga wasu lise. Ingilishi kuwa harshen hukuma ne a ƙasarmu, ga Najeriya a maƙwabta, Yola ba nisa, amma mu ke fita tarminal, ajin ƙarshe na lise, ba mu iya rubuta wasiƙar neman gurbi da shi ba.

Wani abin da ban lissafa ba shi ne dama ba ta zama. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya su 7 kusa da Waza. Daga nan ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu game da zuwa arewacin Kamaru, baƙin da ke zuwa makarantu suka ɗauke ƙafa, masu aikin sa-kai aka janye su, rikicin Boko Haram kuma ya rufe makarantu da dama a bakin iyaka, wajen Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-Shari. Ni da nake cewa sai baɗi zan shiga ƙungiyar, baɗin ta zo babu baƙo ko ɗaya. Ku yanzu kuna da abin da ba mu da shi sosai, waya da intanet. Zumunci da wata makaranta ba sai an hau jirgi ba, kuma ba sai da Turai ba. Ɗan lise na Kusuri gada ce kawai tsakaninsa da Njamena. Muhawara ko wasan sada zumunci da tsaranku na Chadi ko na Najeriya abu ne da shugaban makaranta zai iya sa wa hannu in kun kawo masa tsari a rubuce, da sunan malamin da zai jagorance ku.

Game da karatu ba zan ja ba, kun san Probatoire, jarrabawar da sai an ci ta ake shiga ajin ƙarshe. Ta kayar da ni, don na shiga da tunanin makin motsa jiki zai ɗaga ni. Yana taimakawa, amma nauyinsa kaɗan ne in aka gwada da lissafi ko Faransanci, ba zai kai ka 10 bisa 20 ba in sauran sun zube. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, su ne na bitar ƙarshe, su ne kuma na wasanni. Ku yi atisaye da sanyin safiya ko bayan la'asar, ku sha ruwa sosai, ku bar wa littafi dare. In azumi ya faɗo a lokacin, ku gaya wa mai horarwa ya rage muku nauyi, babu abin kunya a ciki.

Abin da nake roƙonku ku yi a makon nan ƙarami ne. Ku karɓi takardar haihuwarku a hannun Baba ko Inna, ku ajiye ta kusa da katin makaranta da shaidar CEP ta kammala firamare ko BEPC, ku bi harafi-harafi. Mu Hausawa muna shan wahala a nan, don ma'aikaci ɗaya zai rubuta Ousmanou, wani Ousmane, wani Oumarou ya zama Oumar, kuma harafi ɗaya ya isa a mayar maka da fayil. In kun ga saɓani, ku kai wa mai kula da fayil na makaranta tun kafin a buɗe rajistar jarrabawa a zangon farko. In kuma ku ko ƙaninku na firamare ba ku da takardar sam, abin da ya yi yawa a yankinmu, akwai hanyar halal: iyaye su nemi hukuncin kotu na maye gurbin rajista, su je da shaidu, a kai hukuncin ofishin magajin gari a rubuta takardar. Lokaci-lokaci ma ana kawo zaman kotun har cikin gundumomi domin 'yan makaranta, sai ku riƙa tambayar shugaban makarantarku ranar da za a yi na kusa da ku.