Daren da na rufe wa Asma'u da Sa'adu ƙofa

Jiya na miƙa katin shiga ofis da kwamfutar aiki. Shekara huɗu ina riƙe da WAF ɗin kamfanin nan, wato katangar da ke tace buƙatun da ke shigowa shafinmu na intanet don tare mahara, amma da zarar an ce in faɗi abin da na koya, Juma'ar 10 ga Disamba 2021 ce ke fara faɗo mini.

Duk ɗan wannan sana'a ya san makon. Ɓarakar tsaro ta bayyana a Log4j, wata manhajar da sabobi da yawa ke amfani da ita wajen rubuta kundin ayyuka, mahara suna cusa rubutun ${jndi:ldap:// a duk gurbin da suka samu. Bayan La'asar oga ya leƙo ya ce kada in tafi gida sai na toshe. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa safe in gwada a sabar gwaji." Ya ce, "Gobara ta tashi kana zancen gwaji?"

Ina da wani ɗan shiri da na rubuta da Python, wanda nake ji da shi. Yakan ɗauki fayil ɗin dokokinmu, ya ƙara sabuwa, ya tura wa AWS, dandalin Amazon da WAF ɗinmu ke kai, ta umarnin UpdateWebACL. Wannan umarni ba ƙari yake yi ba, abin da ka aika shi ke maye gurbin duk abin da ke can. Na san da haka sarai. Akwai kuma LockToken, wanda aka tanada don kada ka shafe gyaran da wani ya yi bayan ka kwafo naka. Da yake yana yawan tsayar mini da aiki, sai na koya wa shirin ya riƙa karɓo sabo yana manna wa tsohon fayil. Da hannuna na kori mai gadi don ya cika tambaya.

Ashe wanda na gada ya taɓa shiga ya yi wani gyara da hannu, bai saka shi a fayil ba. Muna da tsohuwar doka da ke ɗaukar ɗan waƙafin sama a fom a matsayin harin SQL, wato cusa umarni don kutsawa rumbun bayanai, shi kuma ya keɓe gurbin suna daga cikinta. Ina turawa, keɓewar ta tafi.

Asabar da Lahadi, Musa da Fatima suna ta rajista lafiya lau. Asma'u, Sa'adu, Rabi'u, Mu'azu da Isma'il kuwa, 403, saƙon hana shiga, kawai suke gani. Ni kuma ina kallon adadin waɗanda aka toshe yana hawa, har da murmushina, wai mahara nake kamawa. Sai ranar Litinin wata 'yar'uwa daga sashen kula da kwastomomi ta ajiye mini takarda a tebur, sunayen masu ƙorafi a jere da biro. Ta ce, "Malam, duba sunayen nan da kyau, ba ka ga komai ba?" Ban kai na biyar ba jikina ya yi sanyi. Samfurin buƙatun da AWS ke nunawa na awa ukun da suka wuce ne kawai, cikakken kundi kuma ba mu kunna ba, don an ce tsada. Takardarta ce duk hujjar da muke da ita.

A taron rana oga ya dubi kowa ya ce shi bai san an tura abu ba gwaji ba. Na yi shiru. Takardar tuhuma ta same ni kafin a tashi. Laifin nawa ne, ban musa ba, amma ba nawa ne ni kaɗai ba. A Yulin 2019 doka ɗaya ta WAF ta durƙusar da Cloudflare, babban kamfanin tsaron intanet, na minti 27, suka fito suka bayyana inda tsarinsu ya gaza daki-daki. Mu a nan suna ɗaya aka nema, aka kuwa samu.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Sabuwar doka ta kwana a Count, inda ƙirgawa kawai take yi, kafin ta koma Block, inda take toshewa. Shiri ya kwatanta fayil da abin da ke aiki, in sun saɓa ya tsaya. Kada a yi saurin toshe adireshin IP, don masu MTN ko Airtel da yawa kan fito ta adireshi guda. Umarnin gaggawa kuma, ko daga wa ya fito, a nemi a rubuto shi.

Tun daga ranar ba a sake rufe wa kowa ƙofa da hannuna ba, ko da yake babu wanda ya taɓa ambata hakan a taro. Na bar wa ƙanen da zai karɓe ni jerin gwajin da shirin ke bi kafin ya tura komai. Sunan farko a ciki Asma'u ne, na biyu Sa'adu.