Jan farcen Liyon da lallen Birni

Zuwa ga 'yan'uwana mata na Damagaram, na Birni da na Zango, na Sabon Gari da na Garin Malam, assalamu alaikum.

Ina gajiyarku, ina yara? An ce mini hunturu ya fara leƙowa, dugadugai sun fara faso. Mu ma nan Liyon ta ƙasar Faransa sanyi ya sauka, ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da magariba.

Tun da na dawo daga hutun watan Agusta wayata ba ta huta ba. Ɗiyar yayata da ƙawayenta sun sa ni gaba da saƙon murya a WhatsApp, tambayar kuma ɗaya ce: "Tanti, wannan jan farcen da kika zo da shi mai ƙyalli kamar tangaran, kwana nawa yake yi? Don Allah baɗi ki zo mana da injinsa." Na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ta karanta, har da abin da ban faɗa musu ba saboda kunya.

Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Dokar tsafta a wurarenmu ba ta da sassauci: farce gajere, ba fenti, ba zobe, ba awarwaro, don ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a tsagar fenti da ƙarƙashin dogon farce. Wata 11 hannuna tsirara yake kamar na namiji. Saboda haka ni da abokan aikina, da an ce hutu ya zo, kafin a haɗa jaka sai an leƙa shagon gyaran farce. Su suna tafiya bakin teku wajen Marsai, ni kuwa bana bikin autarmu ne ya kira ni gida.

Abin da ake yi a shagon kala biyu ne. Akwai jan farce na yau da kullum, irin wanda ake sayarwa a Kasuwar Dole, wanda iska ke busar da shi. A hannu, idan ya kai kwana 5 zuwa 7 bai ɓantare ba, ya yi ƙoƙari. Akwai kuma na jel, wanda ake shafawa a tura hannu cikin wata 'yar fitila mai hasken UV ta gasa shi ya daskare nan take. Shi wannan yana yin mako 2 zuwa 3. A ƙafa kowanne ya fi daɗewa, na yau da kullum ma yakan kai mako 2 ko 3, na jel ya wuce wata, domin ƙafa ba ta wanke-wanke, ba ta ɓare gyaɗa, kuma farcenta ba ya saurin tsiro. Na hannu yana ƙaruwa da kusan milimita 3 a wata, na ƙafa kamar rabin haka. Wannan tsiron shi ke tona asirin jel ko da bai fashe ba: bayan mako 2 za ki ga farin fili ya buɗe a gindin farce, tsakanin fata da fenti.

Waɗannan kwanakin da ake faɗa, an ƙirga su ne a kan hannun da injin ke yi wa wanki. Nawa hannun Birni ya nufa.

Na biya yuro 35 na hannu, jel, da yuro 30 na ƙafa, fenti na yau da kullum haɗe da gugar kaushi. Ku lissafa, yuro ɗaya sefa 656 ne, kun ga jaka 42 da ɗoriya. Ban taɓa faɗa wa Inna wannan kuɗin ba, kuma wadda ta karanta mata wasiƙar nan ta tsallake wannan layin.

Kuskurena na farko, ranar tafiya na yi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ban ji ba. Jan farce na yau da kullum samansa yana bushewa cikin mintoci, amma cikinsa yana ɗaukar awoyi da yawa kafin ya yi tauri. Ni kuwa ina fita daga shagon na zura safa da rufaffen takalmi na nufi filin jirgi. Da na cire takalmin a Yamai, saƙar safar ta kwanta raɗau a kan manyan yatsuna biyu, kamar an buga hatimi.

Washegari da asuba muka hau bas, kusan kilomita 900, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ba mu sauka Damagaram ba sai dare. Jel ɗin hannu ya sha jan jaka da ɓalle zif, ko gezau. A nan dole in yaba masa.

Na ƙafa kuwa daren farko a gida ya gama da shi. Damina ce, sauro ya yi yawa, ni kuma jikina ya manta zazzaɓin gida, don haka na zo da maganin sauro na shafawa mai ƙarfi, mai sinadarin DEET. Muna zaune a tabarma tsakar gida ana hira, na fesa shi a ƙafafu har yatsu. Can anjima na ji yatsuna suna danƙo. DEET yana narkar da fenti da wasu robobi, har fuskar agogo yana ɓatawa. Kafin in farga, yashi ya manne a jan farcen yuro 30 kamar an barbaɗa wa tsire ƙuli. Gwaggona ta haska da fitilar waya, ta duba, ta ce, "'Yar nan, ciwo kika ji a hanya?"

Hannu ya ci gaba da riƙewa. Amma gidan biki ba a zama da hannu a cinya, balle ke yayar amarya ce. Kwana biyu famfo bai kawo ruwa ba, kun fi ni sanin wannan, sai na 'yan garuwa, ga jarkoki ana ɗauka ana juyewa. Ga wankin tukwane da toka da soson ƙarfe, ga gyaran kaji, ga wankin shinkafa a ruwan ɗumi. Farce yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya koma, fentin da ke kansa kuwa ba ya bin sa, to a wannan kai da komon ne baki ke ɗagawa. Abokan aikina ma haka suke kuka da ruwan teku da na wurin ninƙaya, bambancin kawai su suna kwance ne ruwan ke ci musu. A kwana na biyar bakin manuniya da na babban yatsan dama sun ɗaga, gashi yana shiga yana maƙalewa in ina ɗaura kallabi. Sauran takwas suna nan suna sheƙi. Lokacin ne 'yan matan suka gani suka ruɗe.

Ga abin da ban faɗa musu ba. Duk mun san jan farce yana hana ruwa taɓa farce, ba a alwala da shi, ba a wankan tsarki da shi. Shi ya sa muke shafawa lokacin fashin salla mu goge in an samu tsarki. Ni ma da wannan lissafin na yi, ranar da na fara fashi. Na tambayi yarinyar shagon ko zai fita in na so, ta ce mini da sauƙi. Sauƙin da take nufi a shagonta ne. A kwana na bakwai na ɗauko 'yar kwalbar ruwan goge fenti da na zo da ita, na jiƙa auduga na goga. Na ƙafa ya fita. Na hannu ko dusashewa bai yi ba. Kwalbar ma a jikinta an rubuta babu asiton a ciki, wato sinadarin nan mai ƙarfi da ke narkar da fenti, don wai ya fi taushi ga fata, jel kuwa ba ya jin komai sai asiton. Yadda ake cire shi, a kankare ƙyallin sama da abin gugar farce, a jiƙa auduga da asiton a ɗora, a naɗe kowane yatsa da takardar alminiyom, a jira minti 10 zuwa 15, sannan ya yi laushi a ture shi a hankali.

Na hau kabu-kabu na zaga shagunan kayan kwalliya uku da farmasi biyu, ban dace ba. Azahar ta wuce, la'asar na matsowa, ga salla a wuyana. Na dawo na zauna bayan ɗaki da reza sabuwa. Inna ta same ni a haka. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ja kujera 'yar tsuguno, ta karɓi rezar, ta kama hannuna ta ɗora a gwiwarta kamar lokacin da take cire mini ƙaya ina yarinya. Tana kankarewa, jan yana zubowa a zanenta ɓarɓashi-ɓarɓashi, tare da farin saman farcena, don jel in an ɓamɓare shi da ƙarfi da fatar farcen yake tafiya. Da ta gama na taɓa su, sun yi laushi kamar ɓawon albasa, ruwa ma in ya taɓa sai na ji zafi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kwalliyar da za ta hana ki gaida Ubangijinki, ai ba ta biya kuɗin sabulu ba. Tashi ki yi wanka, gobe mai ƙunshi za ta zo."

To kun ji. Abin da ake tallarsa da shi, wato daɗewa, shi ne ya zame mini matsala. Mako uku yake yi, ni kuwa kwana bakwai nake da su. Wadda ta ce lallai sai ta yi, ta tanadi asiton na gaske tun kafin ta shafa, ba bayan ba. Na ji ana tallar wani fenti wai ruwa yana ratsa shi, ana alwala da shi. Malamai da yawa ba su gamsu ba, ni ma ban sa sallata a gwaji ba.

Mai ƙunshi ta zo da hantsi da garin lallenta, ta kwaɓa, ta bar shi ya tsima. Da ta ciro baƙin nan na zane na ce mata a'a, ja kawai. 'Yan matan amarya suka yi ta mini dariya wai na zama tsohuwa. Dalilina shi ne, yawancin abin da ke sa zane ya yi baƙi ƙirin cikin rabin awa rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda a nan Turai ba a yarda a ɗora shi a fata ba. Wata fatar tana ɗauka lafiya, wata kuwa bayan 'yan kwanaki zanen ya tashi ya yi ƙuraje da ruwa, fulawar ta zauna tabo. Kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ko rinin gashi ta yi daga baya yana iya tayar mata. Na taɓa ganin hannun da ya yi haka, ban so in sake gani a jikina.

Aka cika mini tafin ƙafa da yatsu, aka rufe faratan hannu da Inna ta kankare, aka ɗaure da leda da tsumma. Na kwana ina tafiya da dugadugai kamar agwagwa. Da safe aka wanke, aka shafa man kaɗe, ya fito ja har yana komawa ruwan goro.

Lalle ba ya zama a kan farce kamar fenti, shiga yake yi ya rina shi, shi ya sa babu abin da zai ɓantare, kuma ruwan alwala yana isa inda ya kamata. Na ci gaba da wanke-wanken biki, na fesa maganin sauro, na je Mirriya gaida dangin Baba na taka laka har idon sawu. Na fata ya fara kwashewa bayan mako 2, don fata tana saɓa, zuwa mako na uku sai alama a tafin ƙafa. Na farce kuwa ba ya fita sai dai farcen ya tsiro a yanke.

Gugar kaushin da aka yi mini a Liyon ma ban ga inda ta kai ba. Kwana goma a silifa cikin yashin Damagaram, dugadugai suka koma gidan jiya. Abin da ya riƙe su shi ne abin da Inna ke yi tun ina yarinya: dutsen kaushi a wurin wanka, man kaɗe da dare. Sai dai ina roƙonku abu biyu. Ku daina bari ana fere muku dugadugai da reza, musamman iyayenmu masu ciwon suga, don ƙaramin yanka a ƙafarsu yana iya zama gyambon da ba ya jin magani. Kuma in za ku miƙa hannu ga mai yankan farce da ke yawo yana kaɗa almakashi, ku ba shi naku kayan, ciwon hanta yana bin jini a ƙarfen da ba a dafa ba.

Ranar da na koma aiki shugabarmu ta tsare ni a bakin ƙofa, ta ce fenti fa? Na miƙa mata hannu na ce ta kankara. Ta sa farcenta ta goga, ta juya hannun, ta sake gogawa, ba ta ji tudun komai ba, ta ce in wuce. Wata tsohuwa da nake yi wa wanka, wadda ta yi ƙuruciyarta a Aljeriya, ta riƙe yatsuna ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da ganin wannan launin tun tana budurwa.

Yau kusan wata uku ke nan. A hannu jan ya hau can baki, saura ɗan siriri kamar jinjirin wata, yanka biyu ko uku zai tafi. Farcen da ya biyo bayansa lafiyayye ne, wanda reza ta ci ya kusa ƙarewa. Na babban yatsan ƙafa kuwa ko rabi bai yi ba, tunda shi sai ya shekara ko fiye kafin ya sabunta gaba ɗaya. Da safe in zan sa safa cikin wannan sanyi nakan gan shi, in Allah ya kai mu Agusta mai zuwa da sauransa zan sauka.

Ɗiyata, injin dai ba zan kawo ba, ki yi haƙuri, turaren da kika ce yana nan a jaka. Ki ce wa Inna garin lallen da ta ƙulla mini ya kusa ƙarewa, maƙwabciyata 'yar Maroko ta gano shi. In an samu mai tahowa a aiko mini da tiya ɗaya, a tankaɗe shi da kyau, a haɗo da man kaɗe.

Ku gaida kowa da kowa.

Taku,
'yar Birni da ke Liyon