Layin da na ƙi ja wa Kakar Bene

Laraba. Tun asuba ake yayyafin nan na Perth ta Sikotland mai kama da wasa, sai ka iso gida ka ga har ɗankwali ya yi sharkaf. Na kai Auta makaranta, na dawo na jiƙa wake, Abban yara yana ramakon barcin aikin dare. Ƙarfe goma na hau wurin Kakar Bene, tsohuwar maƙwabciyarmu da ke zaune a samanmu.

Na tarar ta riga ta shimfiɗa doguwar takardarmu a kan teburin cin abinci, ta danne kusurwoyin da kofunan shayi. Mako na uku ke nan muna wannan aiki. Idonta ya yi rauni, don haka ni nake karanto mata abin da ke kwamfuta, ita tana jan layi da fensir. Burinta ɗaya ne, ta tabbatar da abin da mahaifinta ya sha faɗa mata tun tana yarinya: su jinin Campbell na Glenorchy ne, masu gidan Taymouth da ke Kenmore, a bakin tafkin Tay.

Saman takardar bai ba mu wahala ba, domin mai ƙasa ba ya ɓacewa a rubuce. A 1432 Colin Campbell ya karɓi Glenorchy daga hannun mahaifinsa, Duncan na Lochawe. Jikokinsa suka yi ta matsawa gabas suna haɗa gonaki da tsaunuka, har a 1681 wani John daga cikinsu ya sami sarautar Earl na Breadalbane. Suna da littafin tarihin gida, Baƙin Littafin Taymouth, wanda marubucinsu William Bowie ya soma a 1598. A 1635 suka sa George Jamesone ya zana musu bishiyar zuriya, kowane kaka da fuskarsa a jikin reshe. Abin da ke ɗaure kai kawai sunaye ne. John, Colin, Duncan, Robert, sai a sake komawa John. Ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, kamar dai mu, sai dai mu muna sakaya shi da Abba ko Baffa, su kuma da sunan ƙasar da mutum ya mallaka suke rarrabewa: Campbell na Carwhin, na Glenlyon, na Barcaldine, na Glenfalloch, na Boreland. Jiya na kwana ina mafarkin John-John.

Yau muka iso 1862, kuma a nan ranar ta juya.

A shekarar ne mai riƙe da sarautar Breadalbane, wanda ake kira Marquess na biyu, ya mutu bai bar magaji ba, shi da ya sauki Sarauniya Victoria a Taymouth a 1842. Gadon ƙasa ce fiye da eka 400,000. Dole aka hau bishiyar can sama, aka gangaro ta reshen Glenfalloch, aka tsaya a kan John Alexander Gavin Campbell. Sai ɗan'uwansa na reshen Boreland, Charles William Campbell, ya ce bai yarda ba, mahaifin wancan ba ɗan aure ba ne. Abin da ya faru shi ne, kakan John ɗin, wani hafsan soja mai suna James, a 1781 ya gudu da Eliza Blanchard, matar wani Christopher Ludlow a Ingila. Ludlow ya mutu a 1784. Bayan mutuwarsa aka haifi ɗan, wato mahaifin John, daga baya suka zauna a Sikotland kowa yana kiranta matar James har ya mutu a 1806. Shari'ar ta kai Majalisar Lords, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, a 1867 ta yanke cewa zaman da suka yi bayan ta zama ba matar kowa ba, da sanin da jama'a suka yi musu a matsayin miji da mata, ya isa a ɗauka akwai aure. Dokar Sikotland ta daɗe da wannan hanya, sai a 2006 aka rufe ta.

Ina karantawa raina yana sosuwa. Matar aure ta bar gidan mijinta ta bi wani, ba abin da zan yi wa ado ba ne. Amma kuma na kasa daina tunaninta, mace ɗaya da ta yi shekaru tana jiran ta ji da wane suna maƙwabta za su gaishe ta, ba ta san gaisuwar nan ce za ta raba gadon tsaunuka bayan ta daɗe a ƙasa ba. A jadawalin zuriyar layi ɗaya aka ba ta.

Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce ashe manyan ma rigarsu da faci. Ta ƙara min shayi. Sannan ta ce mu koma ƙasan takardar, wurin nata mutanen.

Nan ne gizo ke saƙar. Mun bi su daga ita zuwa sama ta shafin intanet na ScotlandsPeople, inda ake duba tsofaffin takardun rajista. Daga 1855 hukuma ta soma rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma takardar mutuwa tasu tana da kyau ƙwarai, tana kawo sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa na gidan ubanta. Da ita muka kai ga kakan kakanta, masaƙi, haifaffen yankin Kenmore. Daga nan sai tsofaffin littattafan coci, inda malamin da ke rubutu wani lokaci ya sa sunan ƙauye, wani lokaci bai sa ba. Akwai mutum uku masu sunan mahaifin masaƙin a shekarun da suka dace, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta masa “na” wani wuri. Tsakanin masaƙin da reshe mafi kusa na masu ƙasa akwai fili fari a takardar, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba.

Ta miƙo min fensir ta ce, “'Yata, hannunki ya fi nawa tsayuwa. Haɗa min su.”

Na ce, “Kaka, ba mu da hujja. Mutane da yawa da suka zauna a ƙasar Campbell sun ɗauki sunan ne don a ƙarƙashinsu suke, ba don jini ba. Idan na ja layin nan, gobe jikanki zai ɗauka a takarda muka gani.”

Ta yi shiru tana juya cokali a kofin da ba komai a ciki. Can ta ce, “Alƙalan Landan sun karɓi maganar maƙwabta a kan Eliza. Ke kin ƙi karɓar maganar ubana a kaina.”

Wallahi ban sami abin cewa ba. Na ajiye fensir ɗin a tsakiyar farin filin, na ce wake na jirana, na sauko.

Tun ɗazu nake ba ta amsa a zuci. Ina surfa wake ina amsawa, ina soya ƙosai ina amsawa. Na san akwai bambanci. Abin da gari guda ya sani a lokacin da abin ke faruwa daban, abin da uba ɗaya ya faɗa wa 'yarsa bayan shekara ɗari daban. Ko a karatunmu na fiƙihu an koya mana ana karɓar shaidar ji a kan aure da nasaba, amma sai in maganar ta yaɗu a bakin jama'a. To ina jama'ar da za su yi wa masaƙin nan shaida? Marquess ɗin nan na biyu shi ne ya tashi talakawa daga gonakin bakin tafkin Tay a shekarun 1830 don a sami wurin kiwon tumaki, da yawansu suka haye teku zuwa Ontario a Kanada. Maƙwabtan da za su ce mun san shi, ɗan wane ne, an watsa su. Wannan shi ya fi ci min rai. Ban yi kuskure da na ƙi jan layin ba, har yanzu a kan haka nake, amma yadda na faɗa mata ya yi kama da na tsaya a bayan masu takarda, alhali ita ba gado take nema ba. Gadon ma ina yake? An sayar da Taymouth a 1922, sarautar ta faɗa hannun reshen Boreland a 1923 bayan gidan ya tafi, tun 1995 kuma babu mai riƙe da ita.

Bayan la'asar na kira Inna. Muna cikin hira na tambaye ta wa ya ce kakanmu daga Kukawa ya zo. Ta ce, “Kowa ya sani mana.” Na ce wa ya rubuta? Ta ce, “Ke, sanyin garin nan ya fara taɓa ki ne?” Ta lissafo min maza bakwai a jere ba ta ko numfasa ba. Da na nemi matan, a ta uku ta tsaya.

Auta ya dawo da takalmi ɗaya jiƙe, ɗaya busasshe, ya ƙi faɗin yadda aka yi. Abban yara ya tashi ya cinye rabin ƙosan a tsaye.

Da magariba na aika Auta sama da sauran a kwano. Ya dawo ya ce ta karɓa, ta ce a gode min, kuma takardar tana nan a teburin ba ta naɗe ba. Takardun gidan Breadalbane suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Edinburgh, a ciki har da littattafan kuɗin hayar gonaki, inda ake rubuta sunan talaka da ƙauyensa saboda ana binsa kuɗi. Na duba jirgin ƙasa na safiyar Litinin. Gobe zan hau in tambaye ta ko ƙafarta za ta iya matakalar tasha.